Me ya sa bindigar wasan bidiyo ba ta aiki da talabijin na zamani?

Mutane da dama da suka taso a shekarun 1980 da 1990 suna iya tuna wata bindigar roba da ake jonawa da na'urar wasan bidiyo, a auna agwagwa tana tashi a fuskar talabijin, a harbe ta ta faɗo.

To amma duk wanda ya zaƙulo irin wannan bindiga a yau ya haɗa ta da shafaffen talabijin na bango, zai tarar ko agwagwa ɗaya ba ya iya samu, kome iya saitinsa.

Galibi bindigar lafiyarta ƙalau. Abin da ya sauya shi ne talabijin ɗin, domin an ƙera bindigar ne bisa yadda tsohon akwatin talabijin mai doro yake zana hoto.

Bindigar da ba ta harbi

Wannan dabara ta girmi wasan bidiyo kansa. Tun a shekarar 1936 kamfanin Seeburg na Amurka ya fito da wata na'urar wasa da ake harbin agwagwa da haske.

A shekarar 1972 aka soma sayar da irin wannan bindiga don amfanin gida, tare da na'urar Magnavox Odyssey.

Amma wadda ta fi shahara ita ce ta kamfanin Nintendo na Japan, wadda ta fito a 1984, shekarar da aka fitar da wasan Duck Hunt, ta kuma isa Amurka a 1985 da sunan Zapper. An sayar da kwafin wasan kimanin miliyan 28, akasari a haɗe da na'urar.

Daga baya kwaikwayon na'urar masu araha sun bazu a kasuwannin Asiya, da gabashin Turai, da Afirka, sau da yawa da bindigar a cikin kwalin.

Abin da yawancin masu wasan ba su sani ba shi ne babu abin da ke fita daga bakin bindigar. A cikin bututunta akwai wani ɗan ƙaramin ido mai gane haske, wato ita ce take kallon talabijin.

Da zarar an danna kunamar, sai na'urar ta mayar da fuskar talabijin baƙa ƙirin na tsawon hoto guda. A hoto na gaba sai ta sanya wani farin murabba'i a daidai inda agwagwar take.

Idan idon bindigar ya ga duhu, sannan ya ga haske, na'urar za ta yanke cewa an samu agwagwar. Ana fara gwada duhun ne domin hana maguɗi, kada mutum ya auna ƙwan lantarki ya riƙa cin maki.

Duk wannan na faruwa ne cikin ƙiftawar ido, domin talabijin na Amurka da Japan na sabunta fuskarsa sau 60 a daƙiƙa ɗaya, na Turai da Najeriya kuma sau 50.

Inda matsalar take

Tsohon akwatin talabijin yana zana hoto ne da wani siririn tsinken lantarki, wanda ke gudu layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, sama da layi 15,000 a kowace daƙiƙa. Da saƙo ya iso yake bayyana, babu jira.

Shi kuwa talabijin na zamani sai ya karɓi hoton, ya sarrafa shi, ya daidaita shi da girman fuskarsa, kafin ya nuna. Jinkirin ɗan kaɗan ne, amma ya isa farin murabba'in ya bayyana bayan na'urar ta gama dubawa.

Haka kuma an tsara Zapper ta riƙa gane hasken da ke walƙiya da saurin layukan tsohon talabijin, don kada hasken ɗaki ya ruɗe ta. Hasken shafaffen talabijin ba ya irin wannan walƙiya.

Lamarin ya fi tsanani ga bindigogin da suka biyo baya, kamar Super Scope ta Nintendo da Menacer ta Sega, waɗanda suka fito a 1992, da GunCon ta kamfanin Namco da ta zo da wasan Time Crisis a na'urar PlayStation a 1997.

Waɗannan suna auna daidai lokacin da tsinken lantarkin ya gifta ta gabansu, sai na'urar ta lissafa gurbin da aka auna. Talabijin na bango ba shi da wannan tsinke, saboda haka babu abin da za a auna.

A ƙarshen shekarar 2007 ne cinikin shafaffun talabijin na LCD ya zarce na masu doro a duniya, kuma a 2008 kamfanin Sony ya daina ƙera samfurinsa na Trinitron.

Hanyoyin da aka ɓullo da su

Kamfanonin sun koma ga wata dabara. Na'urar Wii da Nintendo ya fitar a 2006 ta zo da wani ɗan sanda da ake ɗorawa a kan talabijin, mai fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, yayin da wata kyamara a cikin abin riƙewar ke lura da shi.

Ta wannan hanya ce aka sake fitar da Duck Hunt a na'urar Wii U a 2014.

A 2019 kuma aka tara kuɗi ta intanet domin ƙera bindigar Sinden a Birtaniya. Ita tana amfani da kyamara ne wajen kallon wani farin layi da ake zagaye fuskar talabijin da shi, amma an fi haɗa ta da kwamfuta, ba tsohuwar na'urar ba.

Wasu masu sha'awar kuwa sun yi wa manhajar tsofaffin wasannin kwaskwarima, ta yadda za ta ɗan jira talabijin ɗin, sai dai hakan kan buƙaci wata bindigar daban.

Ga mai son ainihin bindigarsa da ainihin na'urarsa, hanya mafi tabbas ita ce neman tsohon akwatin talabijin mai aiki.

Sai dai akwai hattara. Gilashinsa na ƙunshe da dalma mai cutarwa, kuma yana iya riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an cire shi daga soket, don haka buɗe bayansa aikin mai gyara ne.

Batun adana tarihi

Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin.

Wasannin bindiga na cikin waɗanda suka fi wuyar adanawa. Ana iya kwafe manhajar wasa a ajiye a kwamfuta, amma waɗannan sun dogara ne da wani talabijin da manyan kamfanoni suka daina ƙerawa, kuma waɗanda suka rage suna ƙarewa sannu a hankali.