Dukiyar Ƙarƙashin Teku: Mu Ma Muna Cikin Magada

Mutumin Ngueli ya san teku ne ta bakin direbobin da ke ɗauko kaya daga Duwala, su tsallako gada daga Kusuri. Ƙasarmu Chadi ba ta da gaɓar teku ko taƙi ɗaya. To amma jama'a, akwai wata gardama da ake tafkawa kan ƙarƙashin teku wadda ta shafe mu.

A tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Meziko, akwai wani fili mai zurfin fiye da mita 4,000, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Can ƙasa duwatsu ne baƙaƙe birjik, kowane kamar dankali, ɗauke da manganis da nikel da kobal da jan ƙarfe, wato ma'adinan da ake yin batir da su. Cikin shekara miliyan guda, dutsen kan ƙaru da 'yan milimita kaɗan kawai.

Wurin kuwa ba kango ba ne. A 2023 masana suka ƙidaya halittu sama da iri 5,000 a wannan fili, kusan tara cikin goma ko suna ba a raɗa musu ba. Ikon Allah ke nan.

Kamfanoni irin su The Metals Company na Kanada na son tura injuna su kwashe duwatsun, wai duniya na bukatar batir. Masu adawa suka ce a dakata. Hujjarsu: a 1989 Jamusawa sun ja garmar gwaji a ƙarƙashin teku daura da Peru, da aka koma a 2015 sai ga sawun nan raɗau. A 2022 Faransa ta nemi a hana haƙar ɗungurungum.

To ina ruwanmu? Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce duk abin da ke ƙasan teku, bayan iyakokin ƙasashe, gadon 'yan Adam ne baki ɗaya, har da marasa teku. Chadi ta shiga yarjejeniyar a 2009, saboda haka tana da kujera a hukumar da ke kula da wannan dukiya a Kingston ta Jamaika.

Kowa ya sani ba a raba gado a bayan idon magaji. Ya kamata wakilanmu su halarci zaman hukumar, su tambayi nawa ne rabonmu, kuma wa zai biya in an yi ɓarna. Allah Ya sa su ji.