3.4 Wayar Ofis da Matsalar Sa wa Sassanta Suna a Hausa

A sashen da ya gabata an yi bayani a kan wayar tarho ta gida, wadda ke da layi ɗaya da lamba ɗaya. A nan kuwa za a dubi wayar ofis, domin tsarinta daban ne, kuma a nan ne mai fassara ya fi fuskantar matsala. Dalili shi ne, kalmomin "waya" da "layi" da "saƙo" kowacce takan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya da zarar an shiga ofis.

Tushen tsarin shi ne wata na'ura da ake girkawa a cikin ma'aikata, wadda a Ingilishi ake taƙaita sunanta da haruffan PBX. Aikinta iri ɗaya ne da na babbar cibiyar haɗa waya ta gari, irin wadda aka fara buɗewa a New Haven ta ƙasar Amurka a 1878, sai dai ita wannan ma'aikata ɗaya kawai take yi wa aiki. Saboda haka wannan nazari ya zaɓi ya kira ta "cibiyar waya ta cikin gida". Alal misali, ofishin da ke da ma'aikata 60 ba ya bukatar layi 60 daga kamfanin waya, tunda ba a lokaci guda dukansu za su buga waje ba. Yana iya karɓar layi 8 kacal, cibiyar ta riƙa raba su ga duk wanda ya nema. Kowane teburi kuma a ba shi gajeriyar lamba, wadda ake kira ba tare da an biya kamfanin ko sisi ba. Ke nan dole ne a bambanta "layin waje" da "layin ciki", in ba haka ba mai karatu ba zai gane wanne ake nufi ba. Daga wannan cibiya ne ake tura kira zuwa wani teburi, ko a dakatar da mai kira ya ɗan jira, ko a haɗa mutum uku ko fiye a magana ɗaya. Waɗannan ba su da wuyar fassara.

Inda ake samun ruɗani shi ne wajen ajiye saƙo. Idan aka kira ma'aikaci ba ya nan, ko yana kan wani kiran, na'urar takan amsa da muryar da aka naɗa, ta ɗauki maganar mai kira ta adana ta a ma'ajiyar da aka keɓe wa wannan lamba. Mai lambar ne zai saurara daga baya, bayan ya danna lambobinsa na sirri. Gordon Matthews, wanda ya kafa kamfanin VMX a Amurka, yana daga cikin waɗanda suka fara sayar wa ma'aikatu wannan fasaha, kuma ya sami takardar mallakarta a 1983. Yawancin masu fassara suna ce da ita "saƙon murya". To amma a yau idan aka ce wa Bahaushe saƙon murya, abin da zai zo masa a rai shi ne wanda ake turawa ta WhatsApp, alhali ba ɗaya suke ba. Na WhatsApp da niyya ake naɗar sa, shi kuwa na ofis kira ne da bai sami mai ɗauka ba. A ganin mai wannan nazari, "akwatin saƙon murya" ya fi dacewa, domin ya yi kama da akwatin gidan waya da aka sani, wanda shi ma mai mabuɗi kaɗai ke buɗewa. Wani abin lura shi ne, zancen Bahaushe da gaisuwa yake farawa, gaisuwa kuwa tana son amsa. Wataƙila wannan ne ya sa sau da yawa mai kira kan katse da jin muryar na'ura.

Sai kuma kira ta intanet. A tsohon tsari, idan mutum biyu suna magana, akan keɓe musu hanya guda har su gama. A sabon tsarin kuwa, ana mayar da murya lambobi irin na kwamfuta, a gutsuttsura ta ƙanana-ƙanana, a aika ta tare da sauran bayanai, sannan a sake harhaɗa ta a wurin mai saurare. Kamfanin VocalTec na Isra'ila ne ya fitar da manhajar irin wannan kira ga jama'a a 1995, sannan a 1999 Mark Spencer ya ƙirƙiro Asterisk, wadda ke mayar da kwamfuta cibiyar waya ta ofis. Da wannan, ma'aikacin da ke reshen Kano yana iya zama a layin ciki ɗaya da na Legas. A nan kalmar "layi" ta rabu da wayar ƙarfe baki ɗaya, ta koma suna da lambar sirri kawai.

Sai dai tsarin yana da sharuɗɗa. Idan jinkirin isar murya ya haura kimanin kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa, masu magana kan fara katse juna. Bugu da ƙari, tsohuwar waya irin ta zamanin NITEL daga cibiyar kamfani take samun lantarkinta, don haka ko an ɗauke wuta tana aiki. Ta intanet kuwa tana mutuwa tare da wutar ofis, sai fa idan an tanadi batir ko janareta ko sola.