Hanyoyin Gane Asalin Wuƙar Soja da Aka Gada a Kaduna

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda mai nazari zai tantance asalin wuƙar da magada suke cewa ta soja ce. Mun zaɓi Kaduna ta Arewa domin tun kafuwar garin mazaunin soja ne, kuma barikokin Dalet da Kalapanzin sun samo sunayensu daga wuraren da sojan Nijeriya suka yi yaƙi a Bama, tsakanin 1943 da 1945.

Abin dubawa na farko shi ne siffa. Banati yana da zobe da makama inda ake ɗaura shi a bakin bindiga. Adda kuwa kayan aikin sojanmu ce a dajin Bama. Wuƙa mai lanƙwasa ciki, wadda ake kira kukri, ta sojan Gurka ce na ƙasar Nefal, watau musaya ko kyauta ce ta kawo ta hannun mazan jiya.

Na biyu shi ne tambarin da ke gindin ruwan wuƙar. Alamar kan kibiya shaida ce ta mallakar gwamnatin Ingila. Amma a nan akwai wuraren tuntuɓe guda biyu. Lambar 1907 da ke jikin dogon banati sunan samfuri ne. Wata da shekarar ƙira suna ƙasa da ita, kuma an yi amfani da irinsa a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Haka kuma hoton kada a jikin adda tambarin kamfanin Martindale ne na Birmingham, ba shi da dangantaka da sunan Kaduna, kuma an sayar da irinta ga manoma a kantuna.

Ke nan ƙarfe yana faɗin wanda ya ƙera shi da wanda ya raba shi, amma ba ya faɗin wanda ya riƙe shi. Wannan sai takardar sallama, da lambar soja, da lambobin yabo, a gwama su da bayanin dattawan gida.

A ƙarshe muna jan hankalin magada da kada su kai irin wannan wuƙa wurin maƙeri don wasawa ko sauya kube. A shafa mata mai kawai, a ɗauki hoton tambarinta, a nuna wa ma'aikatan Gidan Tarihi na Kaduna. Tambarin da dutsen wasawa ya cinye ba ya dawowa.