Zaɓen Kwamfuta Ya Zama Batun Kuɗi Ga Masu Rubuta Kiɗa A Jos

JOS — A wannan birni mai hedikwatar majami'un COCIN da ECWA, inda ƙungiyoyin mawaƙa ke buƙatar rubutattun muryoyin waƙa, dacewar manhaja da na'ura ta zama abin lissafi ga masu wannan sana'a.

A watan Agusta na 2024 ne kamfanin MakeMusic na Amurka ya daina sayar da Finale, wadda ta fito tun 1988. Wanda ya tara ayyukansa a cikinta, wajibi ne ya mayar da su tsarin MusicXML tun tana buɗuwa a kwamfutarsa, domin Dorico da Sibelius ba sa karanta fayilolinta kai tsaye.

Dorico, wadda MakeMusic ya nuna wa abokan cinikinsa, tana aiki a Windows da macOS da iPad, amma ban da Android, tsarin akasarin wayoyin Nijeriya. MuseScore kuwa kyauta ce, har a Linux tana aiki, sai dai fitowarta ta 4, ta Disamban 2022, ba ta karɓar abin da ya gaza Windows 10.

Bugu da ƙari, Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 ba ya hawa tsofaffin na'urori da dama.

Saboda haka mai sayen kwamfuta ta hannu a titin Ahmadu Bello ya fara tantance tsarin da take ɗauka kafin ya biya, kada araha ta zame masa asara.