Harshe da Adadi a Jagoran Zaɓen Maganin Ciwon Tabon Laka

1.0 Gabatarwa

Ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da MS, wanda za a kira ciwon tabon laka a wannan maƙala, yana samuwa ne idan garkuwar jiki ta juya ta far wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ta bar tabo nan da can. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace shi a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke fama da shi a duniya. Tun da Amurka ta amince da interferon beta a 1993 magungunansa ke ƙaruwa, har sun haura goma. Domin sauƙaƙa zaɓi, ƙungiyar MS Trust ta Birtaniya ta tanadi wani jagora a intanet mai suna MS Decisions. Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna cewa amfanin irin wannan jagora ya ta'allaƙa ne ga fahimtar kalmominsa.

2.0 Tsarin Jagoran

Jagoran yana barin majiyyaci ya tace magunguna gwargwadon abin da ya fi damunsa, sa'annan ya jera su ya kwatanta. Akwai ƙwayar da ake sha kullum, kamar fingolimod. Akwai allurar da mutum ke yi wa kansa a gida, kamar glatiramer. Akwai kuma ƙarin ruwa a asibiti, kamar ocrelizumab da ake yi duk wata shida. Mace mai fatan haihuwa za ta duba batun juna biyu, domin ba a shan teriflunomide da ciki. Jagoran ba ya yanke hukunci. Aikinsa shirya majiyyaci ne domin tattaunawa da likitansa.

3.0 Kalmomi Masu Nauyi

3.1 Magani da tashin ciwo. A zukatan masu magana da Hausa, magani da waraka tare suke tafiya. Waɗannan magunguna kuwa ba sa warkarwa, rage yawan tashin ciwon suke yi. Shi kansa "tashi" yana da iyaka a wurin likitoci: sai alamu sababbi, ko tsanantar tsofaffi, sun kai awa 24 ba tare da zazzaɓi ba.

3.2 Ƙarfin magani. Jagoran ya kasa magunguna mataki uku: masu rage tashin ciwo da kimanin sulusi, masu rage shi da rabi, da masu rage shi da kimanin kashi biyu cikin uku. Wannan adadi matsakaici ne da aka samo daga gwaji a kan jama'a masu yawa. Wanda ya ɗauke shi a matsayin alkawari ga mutum guda ya yi kuskuren fahimta.

3.3 Yawan illa. Nan ne aikin ya fi wuya. A takardun magani na Turai, kalmar da ke nufin illa "mai yawan aukuwa" tana ɗaure da adadi, wato tsakanin mutum 1 cikin 100 da 1 cikin 10, yayin da wadda "ba kasafai" ake gani ba take tsakanin 1 cikin 10,000 da 1 cikin 1,000. Kalmomin Hausa irin su "sau da yawa" da "jefi-jefi" da "nadiran" ba su da irin wannan ɗauri. Misalin natalizumab ya isa shaida. An janye shi daga kasuwa a 2005 saboda wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa da ake kira PML, aka dawo da shi a 2006 bisa sharuɗɗa. Idan an ce wa majiyyaci wannan illa "jefi-jefi" ce, an faɗa masa yawanta a dunƙule, an kuma ɓoye masa girmanta.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa mai fassara irin wannan jagora zuwa Hausa, ko wani harshen Nijeriya, ba zai wadatu da ƙamus ba. Wajibi ne ya ajiye adadi kusa da kowace kalmar yawa, ya riƙe ma'auni guda, kamar "cikin mutum 1,000", daga farko har ƙarshe, ya kuma raba yawan illa da tsananinta. Haƙiƙa aikin na buƙatar masana harshe da likitoci su zauna tare, domin da waɗannan kalmomi majiyyaci zai zaɓi abin da jikinsa zai ɗauka shekara da shekaru.