Ma'aikatan likitar unguwa a Kalley: kyauta ma da kuɗinta

Tun kafin ƴan kasuwa su buɗe rumfuna a Babbar Kasuwar Yamai, mata masu goyo sun riga sun yi layi a ƙananan likitocin da ke kewayen Kalley, waɗanda ba don riba aka kafa su ba. Majo da ungozoma da mai karɓar kuɗi ne ke riƙe da gidan. Su ke awon ciki, su ke rigakafi, su ke fama da masassarar cizon sauro duk damina, da Hausa da Zabarmanci.

Amma babban ciwon kansu shi ne asusu. Tun shirin Bamako na 1987 aka aza tsarin cewa marar lafiya zai biya ɗan abu, a sake sayo magani da shi. Karyewar darajar Sefa a watan Janairun 1994 ta tsadantar da maganin da ake shigowa da shi. A 2006 gwamnati ta mai da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta, bisa alkawarin za ta biya likitoci daga baya. Biyan ya yi ta jinkiri, kantocin magani suka bushe.

To, mai karatu, in majo ya miƙo maka takardar zuwa farmasi, kafin ka zarge shi, tambayi kwamitin da ke kula da asusun. Unguwa ce ke zaɓen wakilanta a cikinsa, kuma ɗan kasuwa ya san lissafi.