Tsohuwar Kwamfutar Wasa: Ina Ya Kamata Kuɗin Gyara Su Fara Shiga?

Duk wanda ya ratsa lungunan Nima ko Mamobi ko Zangon Kumasi da la'asar, zai ga ƙananan shaguna cike da samari suna buga wasan ƙwallo a kwamfuta. A wasu gidajen kuma kwamfuta ɗaya ce tak, yaro ya yi aikin makaranta da ita da rana, da dare ya yi wasa. Akasarin waɗannan injuna tsofaffin kayan ofis ne irin su Dell OptiPlex da HP, waɗanda aka gama aiki da su a Turai ko Amurka aka shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Da yawansu suna ɗauke da furosesa Intel Core i5 na 2012 ko 2013.

Idan sabon wasa ya fito sai a ga hoto yana tsalle-tsalle, inji yana huci kamar tsohuwar mota a kan tudu. Mai shago ya soma rasa abokan ciniki, yaron gida kuma ya matsa wa mahaifinsa a sayi sabuwa. Ga kuɗin makaranta, ga kuɗin haya, ga cefane. Shawararmu ita ce, kada a fitar da ko sidi ɗaya sai an gano ɓangaren da ke jan sauran baya, sa'an nan a bi gyaran daki-daki, a kuma san inda za a tsaya.

Na farko shi ne tsafta, kuma ba ta cin kuɗin kirki. Ƙurar hunturu tana toshe fankoki da ƙarafan da ke fitar da zafi. Idan furosesa ya yi zafi ya kusanci digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, mai shi kuma ya ɗauka tsufa ne. A cire wayar wuta, a buɗe akwatin, a kaɗe ƙurar da burushi mai laushi. A kan furosesa akwai wani mai kamar man goge baki da ke miƙa zafi zuwa ƙarfen sanyaya. Bayan shekaru yakan bushe, sai a goge shi a shafa sabo kamar girman ƙwayar wake.

Na biyu, a tambayi injin da kansa inda ke masa ciwo. A Windows, idan aka danna Ctrl da Shift da Esc tare, za a ga Task Manager, wanda ke nuna yawan aikin da kowane ɓangare ke yi. A kunna wasan, a duba. Ɓangaren da ya kafe a kashi 100 cikin 100 alhali sauran suna hutawa, shi ne mai jan baya. Gani ya kori ji.

Galibi abin da ya fi araha kuma ya fi amfani shi ne RAM, wato wurin da inji ke ajiye abin da yake aiki da shi a lokacin. Giga 4 ya yi kaɗan yanzu, giga 8 shi ne mafi ƙanƙanta, 16 kuwa ya wadatar. Sai dai a lura RAM iri-iri ne: akwai DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Injunan 2012 da 2013 DDR3 suke ɗauka. Guda biyu masu giga 8 iri ɗaya sun fi guda ɗaya mai giga 16 sauri, domin hanya biyu ce ke buɗewa maimakon ɗaya. A ƙarshen 2025 farashin sabon RAM ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, saboda haka a zagaya a ji farashi kafin a saya.

Sai wurin ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta abin da bai cika wuce megabait 150 a daƙiƙa ba, alhali SSD mai shiga gurbin SATA yana kai 500. Mu faɗi gaskiya, SSD ba zai sa ɗan wasa ya ƙara gudu a fili ba. Abin da yake yi shi ne rage jira: inji ya tashi da wuri, wasa ya buɗe da wuri, aikin makaranta ma haka. Ga mai shagon da ke karɓar kuɗi bisa minti, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Katin hoto shi ne zuciyar wasa, kuma nan ne aka fi tafka asara. Kowane kati yana da wutar da yake sha. Gurbin da ake soke shi a ciki ba ya ba da fiye da wat 75. GTX 1050 Ti na 2016 da mafi yawan GTX 1650 na 2019 suna wadatuwa da wannan. RX 580 na 2017 ya fi su ƙarfi, amma yana shan wat 185, yana buƙatar wayar wuta tasa ta daban da akwatin wuta mai kimanin wat 500. Siraran kwamfutocin ofis kuwa akwatin wutarsu bai cika wuce wat 250 ba, kuma dogon kati ba ya shiga cikinsu sai gajere. Wanda bai duba wannan ba zai koma gida da katin da ba zai iya sa shi ba, ko ya sa shi inji ya riƙa mutuwa a tsakiyar wasa.

Wajen sayen na hannu, araha ba ta ado. Tun Satumban 2022, lokacin da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, kasuwa ta cika da katunan da suka yi aiki dare da rana. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna. Ko a Tip Toe Lane ne a Circle ko a wani wuri, a nemi mai kaya ya sa katin a inji, a duba shi da manhajar GPU-Z wadda kyauta ce, a buga wasa na rabin awa a gabansa. Idan ya ƙi, a bar masa kayansa. Haka kuma, mu da muka sha fama da dumsor mun san ɓarnar da wuta ke yi idan ta dawo da ƙarfi. A ware wani abu don sitabilaiza.

To, ina za a tsaya? Kamfanin EA ya ce wasan EA Sports FC 24 na 2023 yana buƙatar aƙalla giga 8 na RAM, da GTX 1050 Ti, da furosesa i5-6600K na 2015. Ke nan injin 2013 yana ƙasa da ƙa'ida ko an sa masa kati mai kyau. Bugu da ƙari, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ya amincewa da yawancin furosesocin Intel da suka girmi zubi na 8. Irin wannan inji zai ci gaba da buga GTA V da ya fito a kwamfuta a 2015 da makamantansa, amma kada a zuba masa kuɗi masu yawa. A sayi abin da za a iya cirewa a kai wata kwamfutar gobe, kamar SSD da katin hoto. Masu injin AMD mai gurbin AM4 sun fi sa'a, domin da yawa daga cikin faifan 2017 da 2018 suna karɓar Ryzen 5 5600 na 2022 bayan an sabunta BIOS ɗinsu.

Ga iyaye, idan kuɗin ba su kai ba, a fara da tsafta, da RAM, da SSD, domin waɗannan suna amfanar karatu kamar yadda suke amfanar wasa. Katin hoto na iya jira zuwa ƙarshen zangon karatu, bayan an ga sakamakon jarrabawa. A sa yaron ya zauna kusa da mai gyara ya ga yadda ake yi, wataƙila daga nan ya koyi sana'a. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke samu, amin.